Maginin da ba ya hawa abin da ya gina

Duk wanda ya zauna bisa bencin lakkol ya taɓa gamuwa da kalmar montagnes russes, wato duwatsun Rasha, ko cikin littafi ko a bakin malami. Kaɗan ne suka ga abin da idonsu, waɗanda suka hau kuwa sun fi ƙaranci. Wani ɗan jirgin ƙasa ne na wasa da ake girkawa a filayen shaƙatawa na manyan birane, bisa dogo mai hawa da gangara da murɗiya. A ɗaure mutane cikin kujeru, a ja su sama, a sake su. Su yi ta kururuwa, su sauko, su koma layi su sake biya. Sunan ya samo asali daga tuddan ƙanƙara da Rashawa ke ginawa bisa katako tun ƙarni na 17, suna sulalowa a kai lokacin sanyi. A 1817 aka buɗe irinsu masu ƙafafu a birnin Paris, a 1884 kuma LaMarcus Thompson ya girka nasa a Coney Island ta birnin New York, wanda gudunsa bai wuce kilometir 10 a awa ba. Abin dariya, Rashawa da kansu duwatsun Amurka suke kiran abin. Kowa dai ya tura wa maƙwabcinsa alhakin wannan hauka.

Akwai wani dattijo da bai taɓa hawa ba, bai ma taɓa ganin abin ba in ban da a telebijin, amma ya gina fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Shekara 30 da ɗoriya ya yi a biro yana zanen hanyoyi da gadoji da magudanan ruwa. Shi ne mai jan layi bisa takarda kafin injiniya ya sa hannu, kafin ɗan kwangila ya zuba tsakuwa. Da ya aje aiki, babban ɗansa ya kawo masa wata tsohuwar kwamfuta, wadda ƴan biro ke kira ordinatar, domin ya riƙa buga wasiƙun bin kuɗɗin fansho da kansa. Wanda ya riƙe na'urar kafin shi ya bar wani wasa a ciki, sunansa RollerCoaster Tycoon. Dattijo ya yi wata biyu bai taɓa shi ba, don a ganinsa mai furfura da ya zauna gaban allo yana wasa ya miƙa kansa ga masu tsegumi. Wata rana dai ya leƙa, sai ya ga filin wasan a rarrabe yake gida-gida, daidai da takardar zane da ya tsufa a kanta. Tun daga ranar wasiƙun fansho suka samu kishiya.

Wasan ya fito a 1999. Mutum ɗaya ne ya rubuta shi, Chris Sawyer, mutumin Sikotilan da ke arewacin Birtaniya, wanda tun a 1994 ya yi suna da wani wasan sufuri, Transport Tycoon, inda ake shimfiɗa dogo da hanyoyi ana jigilar kaya da fasinja. Ci gaban wannan wasan ya zauna rubutawa, sai sha'awar jiragen hawa-da-gangara ta kama shi, ya karkata akalar aikin. Simon Foster ya yi masa zane-zane, Allister Brimble ya yi kiɗa. Masana sun daɗe suna jinjina wa aikin, domin kashi 99 cikin 100 da harshen da ya fi kusa da ƙwaƙwalwar na'ura aka rubuta shi, wanda Faransawa ke kira assembleur, harshen da akasarin masu wannan sana'a ke gudu saboda wahalarsa. Kamar mutum ne ya ƙi sayen bulo, ya ce shi zai haƙo ƙasa, ya kwaɓa, ya buga kowane tubali da hannunsa. Ribar wannan wahala ita ce, na'ura mai ƙaramin ƙarfi tana ɗaukar ɗaruruwan ƴan mutane suna yawo cikin fili, kowane da aljihunsa da yunwarsa da ƙishirwarsa da gajiyarsa, ba ta haki. Shi ya sa tsohuwar kwamfutar dattijo ta ɗauki wasan ba gardama.

Ƙa'idar wasan, ɗan kasuwa zai gane ta tun kafin a gama yi masa bayani. Ana ba ka fili, da bashin banki na fam 10.000 wanda kuɗɗin ruwa ke hawa kansa, da wa'adi. Filin farko daji ne fetal, ana so kafin ƙarshen Oktoba na shekarar farko a samu baƙi 250 a ciki, darajar wurin kuma ta kai 600. Shekarar wasan wata 8 ce, daga Maris zuwa Oktoba, domin a ƙasashen sanyi rufe irin waɗannan wurare ake yi da hunturu. Kai za ka shimfiɗa hanyoyin ƙafa, ka kafa rumfunan abinci da na abin sha da makewayi, ka ɗauki masu shara da makanikai da masu gadi, ka biya su albashi ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Akwai jiragen da aka riga aka zana, sai dai ka biya ka aje. Dattijo ko kallonsu bai yi ba. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana zana abin da aka umarce shi, ba zai sayi zanen wani ba ranar da aka sakar masa alƙalami.

Gutsure-gutsure ake gina dogon, a fara daga tasha. Kowane gutsure sai ka zaɓa: miƙaƙƙe ko kwana, kwanar mai faɗi ko matsattsiya, hawa mai sauƙi ko mai tsauri, a kwance ko a karkace. Kowane da farashinsa, kuma gwargwadon yadda ka yi sama, gwargwadon yadda kuɗɗin ginshiƙai ke ƙaruwa. Dole ƙarshe ya zagayo ya haɗu da farko, kuma nan ne sabon magini ke fara zufa, domin dogo yakan iso bayan tasha da saɓanin gida ɗaya, ko ya iso yana bisa da taki ɗaya, sai a warware rabin aiki.

Babban abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, jirgin ba shi da inji. Sarƙa ce ke jan shi zuwa kan tudun farko, daga nan sai a bar shi da nauyinsa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma da wannan faɗowar ake cin kasuwar duka. Tudun farko shi ne jari. Jirgin da ya gangaro daga metir 30, in an cire abin da gogayyar ƙafafu da iska ke ci, zai iso ƙasa da gudun kilometir 87 a awa. Mai son ninka gudun sai ya ninka tsayin sau 4. Daga nan kowace kwana da kowane metir na dogo cin jarin suke yi. Tudun da ya fi na farko tsayi jirgi ba ya hawansa: ya kai rabi ya tsaya, ya dawo da baya, ya yi ta lilo cikin kwari har ya tsaya cik. A nan ba bashi, ba alfarma, ba wanda za a je a gani da dare. Wannan ya yi wa dattijo daɗi ƙwarai, don ya daɗe bai ga wurin da lissafi ke da ta cewa shi kaɗai ba.

Kafin a buɗe wa jama'a akan kunna fitila ruwan ɗorawa, a saki jirgi ba kowa ciki ya zagaya, tun da sai an gwada akan san na ƙwarai. In ya dawo tasha sai na'ura ta fito da takardar sakamako: gudu mafi yawa, tsawon dogo, yawan gangara, matsin da jiki ya sha. Sa'an nan ga lambobi uku, waɗanda su ne hukunci: lambar daɗi, lambar tsanani, lambar tashin zuciya.

Babban jirginsa na farko na katako ne. Ya kai shi ƙololuwar da aka yarda, ya sake shi a tsaye, kuma da yake fili ya ƙare masa a gindin gangarar, kuɗɗi ma sun ja baya, sai ya murɗa dogon da matsattsiyar kwana a kwance don ya dawo tasha. Daga bisa abin gwanin kyau, ya rufe duk sauran gine-gine da inuwarsa. Lambar tsanani ta haura 10. Dattijo ya ɗauka yabo ne, kamar makin jarrabawa. A dokar wasan kuwa, in tsanani ya kai 10 ana yanke rubu'in lambar daɗi, in ya kai 11 a sake yankewa, in ya kai 12 a ƙara. Ya kunna koriyar fitila, ya sa farashi, ya gyara zama. Ƴan mutanen suka yi ta zuwa bakin layi, su tsaya, su juya.

Jikanyarsa ƴar shekara 9, wadda ke zama kusa da shi tana jiran ya tashi salla ta ɗare kujerar, ita ta fara magana.

— Angona, mutanenka fa gudu suke yi.

— Ba gudu ba ne, amarya, ba su san abu mai kyau ba ne.

— To taɓa wancan mai jar riga ka ji.

Ya taɓa. Wata ƴar taga ta buɗe, ga fuskar mutumin, ga abin da ya rage a aljihunsa, ga abin da ke ransa a rubuce: jirgin ya yi masa tsanani. Ya taɓa wani, haka. Akwai ma wani shafi da ke tattara tunanin jama'ar fili duka, ya jera su da adadin masu kowane ra'ayi, kuma wannan ra'ayin ne a sama.

A nan ne wasan yara ya daina zama na yara. Cikin shekara 30 na biro, ba a taɓa aje masa tunanin direba ko ɗaya bisa tebur ba. Yana zana kwana, a sa hannu, a gina, magabata su zo su yanke kirtani, a rufe takardu a sa a kabad. In labari ya dawo, a bakin mutane yake dawowa: wata babbar mota ta kife a wuri kaza, an ce gudu ne, an ce barci ne, an ce kwana ne ya ƙare. Kukan na ƙasa in ya kama hanyar hawa, kowane tebur sai ya ɗan rage masa kaifi, kafin ya kai bene ya zama gaisuwa. Ɗan kasuwa ya fi ma'aikaci sa'a a nan, don yana ganin fuskar mai saye, yana jin tayinsa. Amma ko shi, wanda ya tsaya kaɗai ya sani. Wanda ya dubi rumfa daga nesa ya wuce, har abada bai san abin da ya kore shi ba. Wasan Sawyer yana ba da abin da sarki ma ba ya samu, wato ra'ayin wanda ya juya bai ce uffan ba.

Da ya koma kan takardar sakamako ya ga inda gizo ke saƙa. Matsin da jiki ke sha, da wani ma'auni ake auna shi mai suna G. G ɗaya shi ne nauyinka kana zaune bisa kujerarka. A gindin gangara, inda dogo ke juyawa sama, matsin kan kai 4, wato mai kilo 70 ya ji kamar ya koma 280, kai ya yi nauyi, wuya ya sunkuya. A kan tudu kuma akasin haka, mutum ya ji ya rabu da kujera, kamar yadda ciki ke tashi in mota ta haye ɗan tudu a guje. Wannan mahaya na sonsa, kuɗɗinsa ma suke biya. Wanda jiki ya fi ƙi shi ne na gefe, irin wanda ke tara fasinjoji bisa mutum ɗaya in direba ya sha kwana bai rage wuta ba. A wasan, in matsin gefe ya wuce 2,8 sai tsanani da tashin zuciya su yi tsalle gaba ɗaya. Nasa ya wuce, a waccan kwana ta gindin gangara. Jiki magayi.

Maganin kuwa ya san shi tun yana saurayi. Kwana ba a barinta a kwance, ɗaga bakinta na waje ake yi domin matsin ya danna mutum cikin kujera maimakon ya jefa shi gefe. A littattafan aikin hanya dévers ake kiransa. Kuma ba a faɗa wa kwana kai tsaye daga miƙaƙƙen layi, akwai wata lanƙwasa mai matsewa sannu-sannu, clothoïde, wadda masu zanen hanya da dogo suka daɗe suna aiki da ita. Ita ce ma ta ceci zoben nan da jirgi ke kifewa a cikinsa, ƙafafu sama kai ƙasa. Zobe irin na Flip Flap Railway, wanda aka buɗe a Coney Island a 1895, cikakkiyar da'ira ce, mahaya na sauka da ciwon wuya. A 1976 injiniyan Jamus Werner Stengel da maƙerin jirage Anton Schwarzkopf suka fito da zobe mai siffar ɗigon hawaye a jirgin Revolution na Kaliforniya, mai buɗewa a ƙasa inda gudu ya fi yawa, mai matsewa a sama inda gudu ya ragu. Ilimin duk yana kan dattijo. Abin da ya faru shi ne wanda ke faruwa kullum in kuɗɗi suka gaza: tsayi ana ganinsa daga nesa, karkatar kwana ba a ganinta, don haka ita aka yanke.

Ya rushe saman tudun, ya rage shi, ya buɗe kwanar ya karkata ta. Jirgin ya gajarta, inuwarsa ta ragu, layi ya cika har ya malala bisa hanya. A hankali kuma ya gane cewa lambar daɗi ba tsayi kaɗai take ci ba. Tana hawa in dogo ya gifta dab da itatuwa, ko ya shafi ruwa, ko ya nutse cikin rami ya ɓullo, ko ya ratsa ta ƙarƙashin kansa har mahayi ya sunkuyar da kai. Tsoro ake saye, amma tsoron da aka auna da mudu.

Sauran sha'anin duk kasuwa ne. Sabon jirgi yana ɗaukar farashi mai tsada, in watanni suka shuɗe darajarsa ta faɗi, jama'a su fara cewa ba za su biya haka ba, sai ka rage ko ka gina sabo. In tashin zuciya ya yi yawa, amai ya ɓata hanyoyi, ran baƙi ya ɓaci, waɗansu su huce bisa benci da fitilu su karya. Saboda haka ya koyi aje benci a bakin mafita, da mai shara ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai wannan wuri. Akwai kuma zancen laima. A wasan asali, in ruwa ya sauko baƙi na sayen laima ko nawa aka ce, har fam 20. Duk wanda ya ga yadda buhu ke tashi ranar da hanya ta yanke ya san Sawyer bai yi wa ɗan Adam ƙage ba. Dattijo yakan bar laimarsa a farashi mai sauƙi. In ya dawo daga salla yakan tarar amarya ta kai ta 20, asusu ya kumbura, ita kuwa ta haɗe fuska kamar ba ita ba.

Ikon da wasan ke ba magini ya wuce na kowane shugaban biro. Akwai wata hantsaki da kake ɗaukar mutum da ita ka aje shi inda kake so, har cikin tafki, kuma in ka aje shi can nutsewa zai yi. Jirgi ma yana haɗari. In ya tsufa, bakanike bai leƙa shi a kan kari ba, birkin tasha na iya ƙin ci, na baya ya afka wa na gaba. Sau ɗaya hakan ta same shi. Saƙo ya fito a ƙasan allo da adadin waɗanda suka mutu, jama'a suka ƙaurace wa jirgin na wani lokaci suna cewa ba shi da aminci. A wasa na biyu, wanda ya fito a 2002, an ƙaro birki mai raba dogo kashi-kashi, yadda jirgi ba ya shiga kashin da wani bai fita ba. Amma ko da haɗari ya auku, ba bincike, ba zaman makoki, ba marayu a ƙofar gida. Ka gyara ka sake buɗewa, kiɗa bai ma tsaya ba. A ranar dattijo ya daɗe zaune hannunsa bisa tebur. Kwanoni nawa ya zana a rayuwarsa, kuma a cikinsu nawa ya taɓa bi a bayan babbar mota, bisa buhuna? Ya mai da zagayen bakanike kowane minti 10 maimakon 30, ya kashe na'urar tun kafin la'asar.

Daga bisa ake kallon filin, ta kusurwa huɗu, kamar shaho. A wasa na farko da na biyu magini ba ya iya zama cikin jirginsa. Sai a na uku, wanda kamfanin Frontier Developments ya yi a 2004, aka ba shi damar shiga kujera ya ga abin da mahayi ke gani, kuma wannan kamfanin ne ya fito da Planet Coaster a 2016. Tsohon wasan bai mutu ba duk da haka: tun 2014 waɗansu ƴan sa-kai suka sake rubuta na biyun da sunan OpenRCT2, a 2016 kuma aka fito da RollerCoaster Tycoon Classic na wayar hannu. Ɗansa ya yi masa tayin sabuwar na'ura mai ɗaukar waɗanda ake hawa. Ya ce a bari tukuna. A ganinsa, ko an zaunar da shi a kujerar gaba ido kaɗai zai hau, wuya da ciki suna nan bisa kujerar ɗakinsa. Sawyer kuwa mahayi ne na gaske, ya zagaya ƙasashe yana bin layi yana biya kamar kowa, kuma ana jin haka cikin lambobin nan uku. Wanda aka taɓa jefawa gefe a kwana ne kawai zai tuna ya sa wa matsin gefe tara mai nauyi haka.

Kowane baƙo da iyakar tsananin da yake ɗauka yake shigowa fili, kuma akwai waɗanda ko an karkata kwana, ko an rage tudu, ba za su hau babban jirgi ba. Irin mai jar rigar nan ba su ƙarewa. Su ma sun biya kuɗɗin ƙofa. Don su dattijo ya ware wani gefe kusa da tafki, ya kafa lilon dawaki mai zagayawa a hankali, da ƴan kwale-kwale, da wani ɗan jirgi mai gajeren tudu wanda bai kai tsayin itatuwa ba. Yakan zaɓi ɗaya daga cikinsu ya buɗe tagarsa ya bi shi da ido tun daga ƙofa: ya hau ƙaramin jirgin, ya sayi abin sha, ya zauna bisa benci ya kalli masu kururuwa can sama, ya sake hawa ƙaramin, kuɗɗinsa su ƙare, ya kama hanyar gida.